RA'AYINMU: Cinikin Mota Bai Ƙare Da "Na Sallama" Ba

Duk lokacin da Salla ta ƙarato, akan ga motoci masu lambar Ikko suna kwararowa ta Jabba da Mokwa, su biyo ta Bida su shigo Minna. Yawancinsu na 'yan'uwanmu ne mazauna Kurmi, watau mutanen Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu, waɗanda suka yi shekaru suna tara kwabo da kwabo har Allah ya hore musu abin hawa. Wata motar takan koma da mai ita bayan Salla. Wata kuwa a nan ake barinta, ko a ba wa ƙane ya yi haya, ko a sa ta a hannun dillali a sayar a ƙarasa ginin gida. A kan wannan ta ƙarshen muke son jan kunnen masu karatu.

Ga yadda cinikin yake tafiya, kowa ya sani. Mai saye ya zo da makanikensa, a buɗe gaba a saurari inji, a zagaya da ita zuwa shatale-talen Kpakungu a dawo. A yi tayi, a yi albarka, a ƙara, har mai mota ya ce ya sallama. Dillali ya karɓi la'adarsa, a miƙa makulli da ambulan na takardu, a yi addu'a a watse. Ba wanda ya ce uffan game da canjin suna. In ma wani ya tayar da maganar, sai a ce haba, ai duk gida ne, ko ba ka yarda da ni ba ne?

To, hukuma ba ta san "duk gida ne" ba. Sunan da ke cikin rajista shi ne mai mota a wurinta, ko da kuwa motar ta sake hannu sau biyar. Ranar da aka kaɗe mutum da ita direba ya gudu, ko aka kama ta da kayan sata, ko 'yan fashi suka yar da ita a bakin hanya, lamba za a bi, lambar kuma ta kai 'yan sanda ƙofar wanda ya sayar tun shekaru uku da suka wuce. Mutumin yana Mile 12 yana cinikin tumatir ɗinsa sai ya ji sammaci. Zai kuɓuta daga baya, mai yiwuwa, amma sai ya nuna wa ya sayar wa, yaushe, a gaban wa. Da me zai nuna? Dillalin ya ƙaura, lambar wayar mai saye ta daina shiga. A halin tsaron da wasu sassan Jihar Neja suka shiga a shekarun nan, ba ƙaramin ganganci ba ne mutum ya bar sunansa yana yawo a jikin motar da bai san inda take kwana ba.

Shi ma mai saye bai tsira ba. In an sace motar, sai ya fara da shawo kan 'yan sanda cewa tasa ce. In ya yi haɗari, kamfanin inshora zai dubi suna ya ga na wani ne. Abin da ya fi ciwo shi ne ranar rabon gado: marayu suna kallon motar ubansu a ƙofar gida, takarda kuwa tana cewa ta wani bawan Allah ce a Apapa wanda ba su taɓa gani ba.

Dokar ba sabuwa ba ce. Ƙa'idojin hanya na ƙasa na shekarar 2012 sun ɗora wa mai sayarwa ya sanar da hukuma, mai saye kuma ya biya kuɗin canjin suna. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, ɗan garin nan, ta kafa a 1988, ta sha faɗa tun fitowar sababbin lambobi a 2011 cewa lamba ta mai mota ce, ba ta mota ba. Watau in ka sayar, ka kwance lambarka ka tafi da ita, mai saye ya nemi tasa. Mutum nawa ne ke yin haka? Sai ma ka ji dillali yana ƙara kuɗi wai don motar tana da lambar Abuja.

Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba. A rubuta yarjejeniya da sunan mai saye da mai sayarwa, da kwanan wata, da kuɗin da aka biya, da lambar inji da lambar da aka buga a jikin ƙarfen motar, shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa. Kada kowa ya ɗauki rubutu a matsayin rashin yarda. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Daga nan a yi takardar rantsuwa a kotu, a samu takardar 'yan sanda, a je ofishin lasin na Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta jiha, jami'an VIO su duba, a sabunta inshora da sabon suna. Tun Janairun 2023 mafi ƙarancin inshorar ƙaramar mota ta gida ya tashi daga Naira 5,000 zuwa 15,000. Asarar kuɗi ce mutum ya biya wannan da sunan wani.

Mai sayen 'yar Kwatano kuma ya ƙara lura da takardar kwastan. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga farkon 2017, kuma an daɗe ana yawo da takardun jabu. A kai lambar takardar ofishin kwastan a tabbatar kafin kuɗi su bar aljihu. Araha ba ta ado.

Amma ba za mu ɗora wa talaka laifin duka ba. Mutum ya baro Ikko da hutun kwana huɗu, a ce ya je kotu, ya je caji ofis, ya je ofishin lasin, ko'ina layi, ko'ina kuma ga 'yan-na-kama suna cewa kawo mu yi maka. Shi ya sa da yawa suke haƙura. Muna kira ga Gwamnatin Jihar Neja ta haɗa waɗannan tebura a ƙarƙashin rufi ɗaya a Minna, ta yi haka a Bida da Suleja da Kontagora, ta manna kuɗin kowane abu a bango da Hausa da Nufanci da Gwaranci, ta kuma buɗe hanyar da mai sayarwa zai sanar da ita ta waya daga inda yake. Ƙungiyoyin dillalan mota su daina karɓar la'ada sai an rubuta yarjejeniya. Sarakunan Hausawa na Kurmi kuwa, da limaman masallatan Juma'a na can, muna roƙonsu su faɗa wa jama'a wannan magana tun kafin a fara ɗaure kayan tafiya gida.

Wanda kuma ya riga ya sayar tun bara ko bara waccan bai yi komai ba, ya nemi mai sayen tun wayarsa tana shiga.