Filin Direbobi: Kaurin Ƙarfe Ba Shi Ne Lafiyar Mota Ba

 

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, motoci da yawa a Khartum da Omdurman suka yi wata da watanni a ajiye, wasu kuma aka kwashe musu kaya. Bayan da sojoji suka karɓe Khartum a Maris na 2025, 'yan'uwanmu masu boksi da Amjad suka shiga tayar da motocinsu da kayan gwanjo. To, a nan ne muke son mu ja kunne game da wani ƙarfe da ake raina shi, wato sandar daidaito, wadda ake kira amud at-tawazun da Larabci.

Sanda ce lanƙwasasshiya da ta haɗa ƙafar dama da ta hagu a ƙarƙashin mota. Idan mota ta sha kwana ta karkata, sai sandar ta murɗe ta hana ta kwantawa gefe guda. Aikinta ke nan. Ba ta ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya ko kaɗan; wannan aikin sifirin ne.

Sau da yawa mun ji direba yana cewa, "Usta, sa mini mai kauri." Amma taurin sandar ba ya tafiya daidai da kaurinta, tsalle yake yi. Wanda ya cire mai milimita 22 ya sa mai 24, ido zai ce bambancin kaɗan ne, alhali tauri ya ƙaru da kusan kashi 42 cikin ɗari. Daga 20 zuwa 25 kuwa, ya ninka har ya wuce. Idan taurin ya yi yawa a gaba, mota za ta riƙa ƙin bin sitiyari a kwana. Idan a baya ne, gindinta ne zai zame, kuma wannan ya fi haɗari ga boksin da ke cike da mata da yara, ga kaya a sama. Sannan a kan ramukan da damina ke bari a Umbadda da Mayo, sanda mai tauri tana kai bugun ƙafa ɗaya zuwa ɗayar, fasinja su sha jijjiga, taya kuma ta rage kama ƙasa.

Sai batun irin ƙarfen. Da ƙarfen sifirin ake yin ta, wanda aka gasa a masana'anta don ya murɗe ya dawo. Wutar walda tana kashe wannan hali. Sandar da ta karye aka ɗinke ta, gefen ɗinkin za ta sake karyewa, kuma ba ta sallama. Haka rodin gini da aka lanƙwasa, ba ya maye gurbinta.

Akwai kuma mai rami a ciki kamar bututu. Mai milimita 24 da ramin 16 ta rage nauyi kusan rabi, amma kashi ɗaya cikin biyar kawai ta rasa na tauri. Saboda haka kada a auna waje kaɗai. A ɗaga a ji nauyi, a tambaya.

Shawararmu ita ce, kafin a nemi sanda a fara duba robobin da ke riƙe ta da 'yan sandunan bakinta. Zafin Khartum da ke wuce digiri 40 yana busar da roba ko mota na tsaye, kuma yawancin ƙarar "ƙwas-ƙwas" daga nan take. In sandar ce ta lalace, a tafi da tsohuwar wurin mai kaya, a auna da ma'aunin makanike, a sayi daidai da ita, ta irin motar. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye hanya, ya dawo mana da zaman lafiya. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.