FILIN TURANCI: Sallama Daban, Wankewa Daban

Kalmomin wannan mako daga bakin joji suka fito, domin babu inda rashin jin Turanci yake cutar da mutum kamar a gaban shari'a. A kasuwa in mutum ya kuskure ma'anar kalma, iyakar abin a yi masa dariya. A kotu kuwa kalma guda tana iya raba shi da gidansa, ko ta kwanar da shi a kurkuku.

Ta farko ita ce "discharge", watau sallama. Kalma ce ta yau da kullum, da ita likita yake sallamar majiyyaci, da ita kuma ake sallamar soja daga aiki. To, amma sau da yawa in joji ya faɗe ta, sai dangi su ɓarke da guɗa suna tsammanin magana ta ƙare, alhali kuwa abin da aka ce kawai shi ne mutum ya tafi. Ana iya sake kamo shi a kan wannan laifin. Kalmar da ya kamata a kasa kunne a ji ita ce "acquit", watau wanke mutum daga tuhuma. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a sake yi wa mutum shari'a a kan laifin da kotu ta riga ta wanke shi. Saboda haka ne lauyoyi suke son jin kalmomin biyu a haɗe, "discharged and acquitted". Ko manya sun yi jayayya a kan wannan bambanci. A watan Oktoba na 2022, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sallami Nnamdi Kanu, sai ofishin Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ce sallamarsa aka yi, ba wanke shi ba, aka kuma ci gaba da tsare shi.

Sai "surety", wadda take 'yar'uwar "sure", watau tabbas. Shi ne mutumin da ya tsaya wa wanda aka ba beli. Mutane da dama sun ɗauka tsayawar nan sa hannu ne kurum don zumunci ko kunyar maƙwabtaka. Ina! Alkawari ne mutum ya ɗauka cewa zai kawo mai laifin duk ranar da aka neme shi, in kuwa ya kasa, kuɗin da ya amsa sun hau kansa. Abin da ya sami Sanata Ali Ndume ke nan a watan Nuwamba na 2020. Ya tsaya wa Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran harkar fansho, a kan naira miliyan 500. Maina ya yi layar zana, Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta aika da sanatan kurkukun Kuje, ya yi 'yan kwanaki kafin shi kansa a ba shi beli. Daga baya a Jamhuriyar Nijar aka kamo Maina.

Wannan aikawa da aka yi wa sanatan ita ce "remand", watau ajiye mutum a tsare kafin a ci gaba da shari'a. Ba ɗauri ba ne, ko da yake wanda ke ciki da wuya ya ga bambancin, kuma fiye da rabin mazauna gidajen kurkukun Nijeriya irin waɗannan ne, masu jiran shari'a.

Akwai kuma waɗansu baƙin kalmomi da Turanci ya aro daga Latin, harshen Rumawan dā, waɗanda ko Bature in ba lauya ba ne sai ya buɗe ƙamus. "Sine die" ma'anarta ba rana, watau an ɗage shari'a sai abin da hali ya yi. "Nolle prosequi" ita ce sanarwar Babban Lauyan Gwamnati cewa ya janye ƙara, kuma ita ma sallama take haifarwa, ba wankewa ba. "Subpoena", wadda ba a furta harafin b ɗinta, takardar kiran shaida ce, asalin ma'anarta kuwa a ƙarƙashin horo, don wanda ya ƙi zuwa zai gamu da fushin kotu. Kusan ɗaya take da "summons", kalmar da Hausawa suka lanƙwasa tun zamanin Turawa ta koma sammaci.

Ta ƙarshe ita ce "alibi". Waɗansu 'yan boko suna amfani da ita a madadin uzuri ko hanzari, amma ainihin ma'anarta a wani wuri dabam, watau wanda ake tuhuma ya ce sa'ad da aka yi laifin yana Funtuwa, ba Zariya ba. Kotunan Nijeriya sun sha nanata cewa tun a gaban 'yan sanda ya kamata ya faɗi haka, ya ambaci wurin, da lokacin, da waɗanda yake tare da su, domin a je a bincika. In ya bari sai ranar da ya tsaya gaban joji, da wuya a saurare shi.