TAKARDA CE TA CI SHARI'AR BAKASI

Jama'a, in rigimar iyakar gona ta tashi, kowa ya san yadda a kan yi. A tafi gaban alƙali, a kira dattawa, su nuna tushen gamba da kukar da kakanni suka yi alama da ita. To, a teku fa, ina za a kafa alama?

Akwai kotun duniya a birnin Heg na ƙasar Holan, ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai alƙalai 15. Hukuncinta ba a ɗaukaka ƙara. Ƙa'idarta ita ce, mai gaɓa shi ke da ruwa. Dokar teku ta 1982 ta ba ƙasa mil 12 na ruwa mallakarta sosai, kifi da man fetur kuwa har mil 200. In maƙwabta sun saɓa, sai a ja layi tsakiya daidai tsakanin gaɓoɓinsu, a duba ko akwai dalilin karkata shi. Amma kafin awo, alƙalai sai sun tambaya: akwai takarda?

Nan ne aka kayar da Nijeriya. Kamaru ta kai ƙara a 1994 kan Bakasi, aka yanke hukunci ran 10 ga Oktoba 2002. Lauyoyinmu suka ce masuntan wurin mutanenmu ne, kuma yarjejeniyar 1884 da sarakunan Kalaba ta kariya ce, ba ta ba Ingila ikon kyauta da ƙasarsu ba. Kotu ta ƙi. Ta riƙe takardar da Ingila da Jamus suka sa wa hannu a 1913, wadda ta sa Bakasi a ɓangaren Jamus. Ko mai kwalekwale ɗaya Turawan nan sun shawarta? Ko kusa!

Amma kada mu ɗora wa Bature kayan duka. A 1975 Janar Gowon da Shugaba Ahidjo sun sa hannu a Marwa kan iyakar ruwan. Nijeriya ta ce majalisar soja ba ta tabbatar da wannan ba. Alƙalai suka ce hannun shugaban ƙasa ya ɗaure ƙasa. Ku lura da wannan da kyau, 'yan'uwa talakawa. Mutum biyu sun zauna a ɗaki, bayan shekara 27 aka fito da takardarsu aka yanke wa dubban masunta hukunci da ita.

Gaskiya ɗaya ce, kotun ba ta ba Kamaru duk abin da ta nema ba. Ta so a karkata layin can cikin teku saboda lanƙwasar gaɓarta, aka hana ta. Kuma shari'a ta fi yaƙi, don 'ya'yan talaka ne za a tura bakin daga.

Masu fataucin banda sun sani abin bai tsaya a kudu ba. Hukuncin nan ya haɗa da Darak da wasu ƙauyukan Tafkin Chadi, su ma suka koma Kamaru. Obasanjo da Biya suka yi yarjejeniyar miƙa Bakasi a 2006, aka sauke tutarmu a Agusta 2008. Doka ta ba da shekara 10 a nemi sake duban hukunci in an sami sabuwar hujja. Wa'adin ya cika a Oktoba 2012, gwamnati ba ta nema ba.

Muna kira ga wakilan majalisa: duk takardar iyaka, ta tudu ko ta ruwa, a karanta ta a fili, a fassara ta da harshen mutanen wurin, tun ba a sa hannu ba.