Motsi Ya Fi Laɓewa, Har Ga Mai Ciwon Zuciya

A Haɗeja da ƙauyukan da ke bakin fadamarta, da zarar an sallamo magidanci daga asibiti aka ce ciwon zuciya ne, sai iyali su shimfiɗa masa tabarma, su hana shi ko ɗaukar buta. Tausayi ne ke jawo haka, amma sau da yawa yakan ƙara wa majinyacin rauni ne kawai.

Likitoci ma sun daɗe a kan wannan fahimta. Har wajen 1950, wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe akan kwantar da shi mako shida cur. A 1952 ne wasu likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, Samuel Levine da Bernard Lown, suka nuna cewa zaunar da irin wannan majinyaci a kujera ya fi masa alheri. A 1966 kuma, a birnin Dallas, aka kwantar da samari biyar lafiyayyu har mako uku. Da suka tashi, ƙarfin jikinsu na amfani da iskar oksijin ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. To, in haka kwanciya ta yi wa saurayi, ina ga dattijo?

Dalilin a fili yake. Zuciya tsoka ce, haka ma naman cinya da na sha-raɓa. Tsokar da ta saba aiki takan fi iya zuƙar oksijin daga jini, don haka zuciya ba ta wahala sosai wajen ciyar da ita. Wadda aka bari kwance kuwa sai ta shanye, jini ya riƙa daskarewa a jijiyoyin ƙafa. Bugu da ƙari, tafiya a kai a kai tana taimakawa wajen rage hawan jini, wanda shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke gajiyar da zuciya a Nijeriya.

Sai dai motsi suna ya tara. Huɗar gonar shinkafa, da ɗaukar buhu, da jan koma a kogi, duk sun fi ƙarfin mai murmurewa. Abin da ake nufi shi ne tafiya a ƙasa, bayan likita ya ba da izini: minti biyar zuwa goma da farko, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, har a doshi minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya. Da bazara, lokacin da zafin Haɗeja ke haura digiri 40, a zaɓi bayan Asuba ko dab da Magariba. Ma'auninsa mai sauƙi ne: mutum ya iya hira yana tafe. In ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko sarƙewar numfashi, ya tsaya, a koma asibiti. Mai jego da zuciyarta ta kumbura, da duk wanda ƙafafunsa ke ƙara kumburi, su jira umarnin likita tukuna.

Ya kamata asibitocin Jihar Jigawa su riƙa sallamar majinyaci da rubutaccen tsarin tafiya, kamar yadda ake rubuta masa magani. Malaman kimiyya su koya wa ɗalibai ƙidayar bugun jini a wuyan hannu. Ɗalibin da ya iya wannan, in ya raka mahaifinsa masallaci a ƙafa yana lura da numfashinsa, ya fi masa amfani da mai tsaron tabarmarsa.