Pocahontas: Katun da Ke Wanke Mulkin Mallaka

A shekarar 1995 kamfanin Disney ya fitar da fim ɗin katun mai suna Pocahontas, wanda har gobe ake kunna wa yara a gidaje da dama. Labarin na wata budurwa ce, ɗiyar sarkin mutanen Powhatan, wadda ta kamu da son Baturen Ingila, John Smith, har son ya hana yaƙi tsakanin danginta da baƙin da suka sauka a Virginia. Zanen ya ƙayatar, kiɗa da waƙar fim ɗin sun ci kyautar Oscar biyu. Illar tana cikin abin da aka rufe.

Lokacin da Turawa suka kafa Jamestown a 1607, Pocahontas yarinya ce mai kimanin shekara goma sha ɗaya, Smith kuwa ya haura ashirin da biyar. A 1613 Turawan suka sace ta, suka yi garkuwa da ita. A hannunsu aka yi mata baftisma da sunan Rebecca, ta auri manomin taba John Rolfe a 1614. A 1616 aka kai ta Ingila domin a jawo masu zuba jari. Ta rasu a Gravesend a 1617, da ƙyar ta haura shekara ashirin.

Fim ɗin ya ɗora laifi kacokan a kan mutum guda, Gwamna Ratcliffe mai kwaɗayin zinariya. Da aka ɗaure shi, sai zaman lafiya ya samu. Yaron da ya kalla zai ɗauka mulkin mallaka rashin jituwa ne da mugu ɗaya ya haddasa. Alhali kuwa kamfanin Virginia Company ne ya turo baƙin, da izinin Sarki James na Ɗaya, don neman riba, kuma ƙasar mutanen Powhatan ce aka cinye. Ɗan Najeriya bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba, domin kamfanin Royal Niger Company ne ya riƙe yankin Kwara da Binuwai daga 1886 har zuwa ƙarshen 1899.

Disney ta nuna gyara mai yiwuwa ne: kafin fitar da Moana a 2016 ta nemi shawarar masana daga tsibiran tekun Pasifik. Hana yara kallon Pocahontas ba zai amfane su ba. Abin da ya wajaba a kan iyaye shi ne su zauna su kalla tare da su, sannan su ba su labarin abin da ya faru a 1613.