Fom Ɗin Likitanci A Amurka: Kowane Kwas Da Gurbinsa

 

A makon jiya wata ƙanwarmu 'yar aji biyar ta turo mana tambayar da ta sa muka ajiye abin da muka yi niyyar rubutawa. Yayanta ya gama digirin farko a fannin Bayokemistiri a nan gida, ya fito da 2:2, alhali tun yana yaro likita yake son zama. Yanzu babansu na shirin sayar da gona ya tura shi Amurka ya yi digiri na biyu, domin wani ya ce musu idan ya ci da maki mai kyau, sabon sakamakon zai shafe tsohon, ya samu shiga makarantar likitanci a can. Ta rufe saƙon da cewa, "Don Allah Yaya, gaskiya ne?"

Gona ba abin wasa ba ce, shi ya sa muka zauna muka bi ƙa'idar fom ɗin nasu dalla-dalla. Amsar a gajarce ita ce a'a, ba ya shafewa. Amma dalilin ya fi amsar amfani.

Mu a nan, daga sakandare ake tafiya likitanci kai tsaye. Ka samu kiredit biyar a WAEC ko NECO, ka rubuta Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks a JAMB, idan Allah ya sa ka dace ka yi shekara 6 ka fito da MBBS. A Amurka ba haka ba ne. Sai ka gama digirin farko na shekara 4, a kowane fanni ma, ko da tarihi ne ko kiɗa, muddin ka ɗauki darussan kimiyyar da ake buƙata. Sannan ka rubuta jarrabawar MCAT, wadda makinta ke farawa daga 472 ya tsaya a 528, sannan ka nemi gurbin karatun likita na wasu shekaru 4. Yawancin makarantun fom ɗaya suke amfani da shi, ana kiransa AMCAS, kuma ƙungiyar kwalejojin likitanci ta ƙasar, AAMC, ke kula da shi. Makarantun gwamnati na jihar Tekzas suna da nasu daban.

A cikin fom ɗin akwai sashen da ke cinye wa masu nema kwanaki. Dole ka shigar da duk kwas ɗin da ka taɓa ɗauka a kowace kwaleji ko jami'a ta ƙasar, ɗaya bayan ɗaya, da sunansa da yunit ɗinsa da makin da ka samu, kamar yadda suke a takardar sakamako. Wanda ka ci, da wanda ka faɗi, da wanda ka janye daga cikinsa, duk sai sun shiga. Kuma kowane kwas sai ka amsa tambaya biyu a kansa: me aka koyar a ciki, kuma a wane matakin karatu ka ɗauke shi?

Mu fara da ta farko. Suna raba darussa gida biyu. Gida na farko shi ne Bayoloji, Kemistiri, Fiziks da Lissafi, wanda suke taƙaitawa da BCPM. Gida na biyu kuwa duk sauran. Kowane gida ana fitar masa da matsakaicin makinsa daban, wato abin da muke kira GPA, sai dai nasu a kan 4.0 yake, ba 5.0 irin na yawancin jami'o'inmu ba. Na gidan farko shi ne masu tantancewa suka fi zuba wa ido, domin shi ke nuna ko za ka iya ɗaukar nauyin karatun likita.

A nan ne mutane ke tuntuɓe. Ka ce aikin jinya ai kimiyya ne, ko ba haka ba? A wajensu, jinya da kiwon lafiyar al'umma da ilimin magunguna da ilimin abinci mai gina jiki duk suna ƙarƙashin darussan lafiya, ba sa shiga BCPM. Kimiyyar kwamfuta ba ta shiga. Injiniyanci ba ya shiga, duk da wahalar da 'yan ajin ke sha. Ilimin halayyar ɗan Adam yana tare da darussan zamantakewa. Amma ilimin taurari Fiziks ne, ƙididdiga Lissafi ce, ilimin sassan jiki da na ƙwayoyin cuta da na gadon halitta Bayoloji ne. Bayokemistirin da yayan ƙanwarmu ya karanta kuwa a Kemistiri suke ajiye shi.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan duka ita ce, abin da aka fi koyarwa a cikin kwas shi ake dubawa, ba sunan sashen da ya koyar ba. A ce sashen halayyar ɗan Adam ya koyar da kwas ɗin ƙididdiga, tun daga farkon zango har ƙarshe lissafi ake yi. Wannan mai nema zai iya sa shi a Lissafi. To a nan zuciya ke shigowa. Wanda ya ci A a irin wannan kwas zai so ya tura shi gidan kimiyya ya ɗaga makinsa, wanda ya ci C kuma zai so ya ɓoye shi a ɗaya gidan. Mu ma da mu ne, za mu ji wannan ƙaiƙayin, kada mu yaudari juna. Sai dai ma'aikatan AMCAS suna ɗaukar takardar sakamakon da jami'a ta aiko musu da kanta, su gwada ta da abin da ka rubuta layi-layi, kuma suna da ikon sauya maka rabon idan bai dace ba. Idan kana ganin sun yi kuskure kana iya neman a sake dubawa, amma sai ka kawo hujja daga bayanin kwas ɗin. Shi ya sa masu wayo ke adana takardar manhajar kowane kwas tun daga aji ɗaya.

Tambaya ta biyu ita ce ta shafi gonar Baba. Matakan da suke da su sun haɗa da shekarun digirin farko huɗu, kowace da alamarta, sai wasu guda biyu da ake yawan rikitawa. Na farko shi ne darussan matakin digirin farko da mutum ya koma ya ɗauka bayan ya riga ya karɓi digirinsa, suna yi masa alama da PB. Na biyu shi ne darussan digiri na biyu ko na uku, alamarsu GR. A ido kamar abu ɗaya ne, tunda duk bayan kammala jami'a aka yi su. A lissafi kuwa hanyarsu ba ɗaya ba. Makin PB ana zuba shi cikin jimillar makin digirin farko, don haka yana iya ɗaga ta. Makin GR layinsa daban, ko kusa ba ya taɓa ta. Wanda ya gama digirin farko da 3.0, ya je ya ci 4.0 a digiri na biyu, masu tantancewa lamba biyu za su gani, 3.0 tana nan zaune inda ya bar ta. Ba mu ce digiri na biyun banza ne ba, yana nuna mutum ya farfaɗo, kuma ana lura da hakan. Shafewa ce dai babu.

Har kwas ɗin da aka maimaita ba ya ɓacewa. Mu da muka san zafin kari-oba wannan ya taɓa mu. Ka faɗi Kemistiri mai yunit 3 da F, ka sake ka ci A, ko da jami'arka ta yafe maka na farkon, AMCAS zai lissafa duka biyun, sifili da 4.0, matsakaicinsu ya koma 2.0. Ku kuma 'yan sakandare ga wadda ta shafi tsararku: yaran can da ke ɗaukar darussan kwaleji tun suna sakandare, makin da suka samu suna 'yan shekara 16 yana biyo su har cikin wannan fom.

Sai dai maganar yayan ƙanwarmu tana da wani ƙulli da ya fi wannan. Digirinsa na Najeriya ne, AMCAS kuwa ba ya karɓar takardar sakamakon jami'o'in waje irin namu, ba ya tantance ta, ba ya sa ta a lissafi. Kada ya yi murna cewa 2:2 ta ɓuya. Abin da hakan ke nufi shi ne, idan digiri na biyu kawai ya yi a can, layin digirin farko a fom ɗinsa zai fito wayam, alhali yawancin makarantun suna son ganin an yi darussan kimiyyar a jami'ar Amurka ko Kanada. Ƙari a kan haka, ba kowace makaranta ke ɗaukar baƙi ba, baƙo ba ya samun bashin karatu na gwamnatin tarayyarsu, wasu makarantun ma sai ka nuna kuɗin shekarun gaba ɗaya kafin su buɗe maka ƙofa. Kuɗin gona ɗaya da wuya ya kai ko'ina.

Lokaci ma yana da nasa. Ana buɗe fom ɗin a watan Mayu, tantancewa na iya ɗaukar makonni idan aka yi cunkoso, kuma makarantu da yawa suna duba takardu ne yadda suka iso. Kuskure a sashen darussa na iya sa a dawo maka da fom, ka koma bayan layi.

Don haka ƙanwarmu, ki kai wa Baba wannan shafi ki karanta masa. Kafin a kira dillalin gona, Yaya ya zaɓi makarantu uku ko huɗu da yake so, ya rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibansu ya tambaye su abu uku: kuna ɗaukar baƙi, kuna amincewa da digirin Najeriya, kuma darussa nawa kuke so a yi a ƙasarku? Aika saƙon imel kyauta ne. Ya kuma bincika hanyar shiga MBBS da digirin farko a nan gida, wadda JAMB ke buɗewa duk shekara, ya duba matakin digirin da kowace jami'a ke nema, domin ba ɗaya suke ba.

Ke kuma da kika ce likita kike son zama, Kemistirin aji biyar ne a gabanki. Mako mai zuwa a kansa za mu tsaya, musamman lissafin mol da da yawanku suka ce yana juya musu kai.