Ra'ayinmu: Kwamfuta a Kwalejojin Ilimi

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma ta wannan hanya TRCN ke gwada malamai kafin ta yi musu rajista. Saboda haka, duk ɗalibin da ya kammala NCE bai saba da kwamfuta ba, an tura shi gona ne babu fartanya.

Muna maraba da ɗakunan kwamfutar da asusun TETFund ke ginawa, amma ɗakin da ke kulle, ko wanda ba shi da lantarki, ba ya koyar da kowa. Reshenmu yana kira ga hukumomin kwalejoji da su fara horar da malamansu, su samar da wutar sola, su kuma bar ɗakunan a buɗe har yamma. 'Yan'uwa, wanda ke kwaleji yau, shi za mu damƙa wa 'ya'yanmu gobe.